Akwati Biyu da Injiniya Sabo Ya Bari

Ina tsakiyar duba marasa lafiya a unguwar Cheetham Hill ta Manchester, sai wayar Hajiya Rabi, matar Injiniya Sabo, ta shigo daga unguwarsu, Erdington. Ba ta ja zance ba. "Likita, yayanka ya cika da hantsin nan." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye biro, na daɗe ban kira mara lafiya na gaba ba.

Wanda bai san Injiniya ba zai yi mamakin dattijo da furfurarsa yana shafa wa sojojin dalma fenti, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Runduna biyu gare shi: mayaƙan Kirista na zamanin yaƙe-yaƙen Ƙudus, da mayaƙan Musulmi masu rawani. Ran Asabar mukan taru mu biyar ko shida, a jera su bisa teburin cin abinci, a auna gudun doki da tef, a jefa ƙwayar ludo. Bai taɓa zana wa ko ɗaya daga cikin sojojin ido ba. Yakan ce, "Ni fenti nake yi, halitta ta Mai ita ce."

Cikinmu akwai Bulus, akanta, Kirista ɗan Kafanchan da ke zaune a unguwar Aston, kusa da su Injiniya. Wata shekara da rikici ya ɓarke a gida, ina jan rundunar Musulmi, shi yana jan ta Kirista, na faɗa masa maganar da har yau nake jin kunyarta. Ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita. Laifina ne, tun ranar na sani, girman kai ne ya ɗaure mini baki.

Injiniya bai yi wa kowa wa'azi ba. Da Asabar ta zagayo ya tuƙo mota har Manchester ya ɗauko ni, muka isa gidansa na tarar da Bulus zaune. Ya ce, "Daga yau Likita ke jan Kiristoci, Bulus kai ke jan Musulmi. Wanda ya ji tsoron kada a kashe masa su, zai san mutane ne." Muka ci gaba da wasa, amma ban taɓa ba da haƙuri ba. Shekaru ta bakin Injiniya muke magana: "Injiniya, gaya masa dawakansa sun wuce iyaka." Shi kuwa ya isar da saƙon yana murmushi. Da ya rasu, na tabbata ni da Bulus mun rabu ke nan.

Ranar sadakar uku Hajiya ta fito da akwati biyu, kowanne da suna a kai. Nawa Kiristoci, na Bulus Musulmi. A murfin kowanne ya rubuta da hannunsa: "Rabin wasa ke hannunka."

Na dubi Bulus, babu mai isar mini da saƙo. Na ce, "Ɗan'uwa, na cuce ka ran nan. Ka yafe mini."

Ya jima yana shafa murfin akwatinsa, sannan ya ce, "Asabar, gidana. Ka zo da tef."

Allah Ya jiƙan Injiniya Sabo, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba Hajiya Rabi da 'ya'yansu haƙurin rashinsa. Yadda ya gyara tsakanina da Bulus bayan ya bar duniya, Allah Ka gyara tsakaninsa da Kai. Amin.