Ƙofar da Na Rufe a Ƙwaryar Dada

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ku yi mini uzuri, sunana zai zauna a wurina, labarin kawai na kawo muku.

Lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce a Garwa, 'yar mahauci, ina da ɗan shago a bakin titi inda nake zane da kwamfuta. Na gama lise, wato sakandare, na koyi aikin a wurin wani mai buga takardu, daga baya Baba ya kama mini shagon. Katin biki, allon shago, tambarin ƙungiya, hoton da ake bugawa a jikin buhu, duk ina yi. Ina da hannu, ina kuma da girman kai, wannan kam ba zan ɓoye muku ba. Idan zafin Garwa ya sauko da azahar, titi ya yi tsit, 'yan moto masu haya da babur suka fake ƙarƙashin darbejiya, sai in jingina da kujera ina kallon fanka tana juyawa, raina ya bar gari. In ga zanena a jikin jirgin sama, in gan shi a bangon wasu birane da ko sunansu ban sani ba, yayyafi yana sauka a kansa. Har hira nake yi da 'yan jarida a zuciyata, da Faransanci mai kyau, ina murmushi a inda ya dace.

Wanda ya fara tashina daga wannan barci wani Alhaji ne mai shinkafar Lagdo, wanda tun buɗe shagona ni nake masa zanen buhu. Wata rana ya zo ya zauna, ya sha ruwan sanyina, sannan ya ce ɗansa da ke karatu a Yawunde ya nuna masa wata hanya a intanet, konkur suke ce mata, wato gasa. Mutum ya rubuta irin zanen da yake so, ya ajiye lada guda, masu zane daga ko'ina a duniya su yi ta turowa, ya zaɓi ɗaya, sauran kowa ya kama gabansa hannu rabbana. Ya ce zane ya yi ta zubo masa har idonsa ya gaji. Da sabon buhun ya fito, sai ga hoton wani mutum a jikinsa da malfa mai tsini irin ta mutanen gabashin duniya, bayansa duwatsu masu ƙanƙara. A Lagdo fa! Mata a kasuwa suka ɗauka shinkafar waje ce, masu neman ta gida suka riƙa wuce ta. Na yi dariya har da hawaye, amma dariyar ba ta dawo mini da Alhaji ba, kunya ta hana shi zuwa, wasu kuma suka bi sahunsa. Sai na ce wa kaina, to tunda can kasuwar ta koma, ni ma bari in bi ta.

Haka na shiga. Wata da watanni ina yi wa mutanen da ban taɓa jin muryarsu ba zane, yau mai gidan kofi, gobe mai sabulun wanka, jibi mai abincin karnuka. Aikin banza nake yi, amma a lokacin ce masa nake sa'ata tana hanya. Masu gasar kan ba zane taurari in ya burge su, ranar da na ga taurarina sun ƙaru sai in wuni kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Mace ta zo da katin suna in ce mata ta dawo jibi, ta dawo in ce gata, har ta gaji ta kai wani wuri. Ban ci ko ɗaya ba, ban kuma daina ba.

Yanzu bari in gaya muku wace ce mahaifiyata, don a kanta labarin yake. Bafulatana ce, Dada muke ce mata, sana'arta zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi. Na tashi da ƙaurin ƙwarya a hancina. Takan zauna a inuwar rumfa, garwashi a gefe, ta zaro ƙarfen ya yi ja, ta ɗora, wani siririn hayaƙi ya miƙe, baƙin layi ya riƙa bin hannunta a hankali. Tana da zane iri-iri na kasuwa, amma akwai guda da ba ta taɓa sayarwa ba ko nawa za a ba ta. Layuka ne masu lanƙwasa kamar kogin Binuwai in ya kawo, ƙananan tsuntsaye a tsakaninsu, sannan zobe guda ya zagaye bakin ƙwaryar, amma ba ya haɗewa, ana barin wuri kamar faɗin yatsu biyu. Wannan wurin shi ake kira ƙofa. A danginsu uwa ce ke yi wa 'yarta wannan zane ranar da za a kai ta ɗakin miji, ma'anarsa duk inda aure ya kai ki, gidan uwarki a buɗe yake. Ita ma uwarta ta yi mata, tana ajiye da tata a ƙarƙashin gado, a naɗe cikin zane. Ni kaɗai ce 'yarta mace, kuma tun ina ƙarama ta zaɓi wata babbar ƙwarya ta rataye a ɗaki, ta ce tawa ce, tana jiran ranarta.

Sai wani kamfanin kayan roba, can wata ƙasa, ya sa gasa yana neman zanen Afirka na asali da za a buga a kwanuka. Ina karantawa na san babu wanda yake da abin da nake da shi. Ranar da Dada ta tafi kasuwa na jawo ƙwaryarta daga ƙarƙashin gado, na ɗauke ta hoto ta kowane gefe, na mayar. A shago na bi layin kakata ɗaya bayan ɗaya har ya zauna daram a kwamfuta. Wallahi ban ji kamar sata nake ba. Gani nake zan ɗaga sunan gidanmu, ina hango Dada cikin jirgi, an gayyace mu, tana gyara mayafi tana tambayata ko wancan farin abu gajimare ne.

Mai gasar ya ba ni taurari har ƙarshensu. Ya rubuto cewa zanen ya yi kyau ƙwarai, sai dai zoben baki bai haɗe ba, kamar an yi kuskure, in gyara in sake turowa. Na tsaya ina kallon wurin. Na san mene ne, ba zan ce ban sani ba, tun ina goye nake jin bayaninsa. Amma na ce ai wannan na roba ne, ba na aure ba, me zai ci a ciki? Na ja layin na haɗe, ko numfashi biyu bai ɗauke ni ba.

A irin wannan gasa kowa yana ganin abin da kowa ya turo. Ana gab da rufewa wani ya kwashe zanena, ya canza launi, ya ɗan ƙara wa layukan kauri, kuma shi aka ba. Na rubuta ƙara ina kuka, na tura musu hoton ƙwaryar Dada don su ga asalinsa. Suka amsa cikin ladabi cewa hoton ya nuna zanen gargajiya ne na da, irin wannan kuwa ba shi da mai shi. Ka ji fa, shaidar da na kawo ita ta kayar da ni. Ban gaya wa kowa ba. Na daina gasar, na koma lallashin mutanen unguwa, ina lallashin kaina kuma cewa ƙasar tana da nisa, abin zai ɓace a can.

Aka kwana biyu, aka sa mini rana. Muka tafi Lagdo ni da Dada mu gaya wa yayarta. Da hantsi muka sauka bakin ruwa sayen kifi. Ban manta safiyar nan ba. Ruwan ya shimfiɗe har ya haɗe da sama, kwalekwale suna tafe kamar ba a tuƙa su, hayaƙin masu banda yana kwance a kan ruwa, balbelu na ratsa shi. Ina cikin tunanin kayan ɗakina sai na ga Dada ta tsaya cak. Wata mata ce a tsugune tana gyaran kifi, tana zuba hanji da ƙaya a wata jar roba, ƙudaje sun yi mata baƙi. A jikin robar ga Binuwai, ga tsuntsaye. Na ɗaga kai, sai ga irinta a wurin mai wanke-wanke, ga wata kare yana lasa, ga wani ɗan moto ya ɗauro su jibgi guda yana talla. Dada ta gaishe da matar da Fulatanci, ta roƙi ta ga robar. Ta ɗora yatsa a bakinta tana bi, ta zagayo, ta sake zagayowa, ta sake. Sai ta ajiye, ta yi godiya, ta goge hannunta.

Muka dawo Garwa. Bayan la'asar ta kira ni rumfa. Ta ce a cikin tsuntsayen akwai guda mai gajeren fiffike, hannun uwarta ne ya goce a wurin, a ƙwaryarta kaɗai yake duk duniya, kuma ta gan shi a robar. Ta ce ba ta tambayar wanda ya shiga ƙarƙashin gadonta, ta sani.

"Abu ɗaya nake so in ji," in ji ta. "Ƙofar, su suka rufe ko ke?"

Da na ce su ne, da ta yarda, na ga hakan a idonta, so take in ce su ne. Bakina ya ƙi.

"Ni ce, Dada."

Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma dukana ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce ba za ta ɗora wa 'yarta a ka abin da ake zuba hanjin kifi a ciki ba, wannan zane ya gama aikinsa a gidanmu. Na yi kuka, na durƙusa, na sa Baba ya roƙe ta, ya ce mini wannan maganar mata ce, wuƙarsa ba ta yanka a nan. Har bikin ya zo ban ga ta sauke ƙwaryata daga inda take rataye ba, na haƙura cewa haka za a kai ni.

Sai da 'yan rakiya suka watse, ina jera kaya a ɗakina, na tarar da wani ƙunshi a cikin tsohon zanen Dada. Ƙwaryata ce. Fara fat, babu kogi, babu tsuntsu ko ɗaya. Na juya ta ina hawaye, sai yatsana ya ji wani abu a baki. Siririn baƙin layi ne guda ya zagaye ta, ya zo gab da haɗewa ya tsaya, ya bar faɗin yatsu biyu.

Yau shagona yana nan, Alhaji ma ya dawo, buhunsa ya koma da hoton ruwan Lagdo. Abin da na koya shi ne wanda bai san ka ba, bai san abin da ke hannunka ba, zai ce ka gyara abin da ba kuskure ba ne, kai kuma in kwaɗayin yabo ya kama ka sai ka gyara. 'Yan'uwana masu zane, kada taurari su ɗauke muku hankali ku yi ta aikin banza, kuma abin da aka ba ku amana a gida kada ku kai shi inda kowa zai miƙa hannu ya ɗauka. Ku kuma masu neman zane, ku nemi wanda zai zauna ya ji labarinku kafin ya ja layi. Dada ta tsufa, hannunta yana rawa, ta daina riƙe ƙarfe. Ni kuma Allah ya ba ni 'ya mace, kwanan nan ta tambaye ni me ya sa ƙwaryata ba ta da ado kamar ta mutane. Na kama yatsanta na ɗora a bakin, na ce ta bi har ta ga inda layin ya tsaya, don iyakar abin da ya rage in ba ta ke nan.