Shekara Uku Garwashi Yana Kwarantin

"Me yana ci?" Duk wanda ya san Kawu Tumba ya san wannan tambayar. Shekara talatin ya yi yana duba lafiyar shanu a kasuwar Mubi, ya yi ritaya amma tambayar ta ƙi ritaya. Ranar da na kai masa wanda zan aura, bai tambayi garinsu ko aikinsa ba. Zagaya shi ya yi sau biyu, ya kalli haƙoransa, ya juyo gare ni ya ce, "Kai Saratu, wannan me yana ci?" Shi Kawu kowa "kai" ne a wurinsa, mace da namiji.

Yadda ya shigo cikinmu ma ba gayyatarsa muka yi ba. Mu marubutan sha'awa ne kawai, muna haɗuwa duk Asabar da la'asar a gindin mangwaron gidansa a Yelwa, muna gina wata ƙasa ta ƙirƙira da muka sa wa suna Tsallaken Mayo, wato tsallaken kogi. Kowa da masarautarsa da dodanninsa, kowa ya rubuta nasa kason in layi ya zo kansa, kuma abin da wani ya rubuta ya zauna, ba mai sokewa. Inuwa kawai muka aro. Wata Asabar sai muka ji murya daga kan kujerar roba: "Waɗannan dabbobi naku, wa yana duba lafiyansu?" Muka yi dariya. Asabar ta gaba sai ga shi da tsohon littafinsa na rigakafi da hatimi, ya naɗa kansa likitan bakin iyaka. Wai ba dodon da zai shiga ƙasar sai da takardarsa. Da yake dokarmu ta ce abin da aka rubuta ya zauna, mun kama kanmu da hannunmu.

Malam Hamman, malamin makaranta, shi aka fara gwadawa a kansa. Ya kawo bijimi mai kai bakwai, ya yi shafi uku yana yabon ƙahonninsa.

"Kai bakwai," in ji Kawu. "Ciki nawa?"

"Ɗaya mana, Baba Dokta."

"Baki bakwai yana zubawa a ciki ɗaya? Kafin azahar ya kumbura! Ka rubuta shida suna azumi."

Har yau bijimin nan kansa ɗaya ke kiwo, sauran shidan suna kallo.

Sai Usmanu, wanda ke tahowa daga Duvu a babur, ya kawo 'yar ruwa, sama mace, ƙasa kifi. Kawu ya jawo littafinsa yana dubawa. Can ya rubuta takarda, ya buga hatimi, ya yage ta gida biyu, ya miƙa masa rabi.

"Daga ƙugu zuwa ƙasa na duba, lafiyansa ƙalau. Saman ba aikina ba ne, ka kai shi asibiti."

Ni ce na fi kowa dariya ranar, ban san nawa na tafe ba.

Nawa Garwashi ne, ƙaton jan gwada mai fukafukai, yana aman wuta. Tun ina sakandare nake zana shi a bayan littattafaina. Abin da nake so a duniyar nan ɗaya ne: in rubuta ranar da zai buɗe fiffike ya tashi a sararin Tsallaken Mayo. Na karanta musu bayaninsa. Kawu ya cire tabarau.

"Wuta yana fita a bakinsa?"

"Eh, Kawu, ai shi ne ƙarfinsa."

"Dabban da wuta yana fita a bakinsa ba shi da lafiya. Zazzaɓi ne. Kwarantin! A killace shi!"

Jama'a, shekara uku! Shekara uku Garwashi yana ɗaure a garke a bakin iyaka. Ba dabarar da ban yi ba. Na rubuta cewa maƙiya sun taso da dawakai dubu, ba mai ceton ƙasar sai Garwashi. Da layi ya zo kan Kawu sai ya rubuta cewa ya tare dawakan a bakin mayo, ba su da shaidar rigakafi, duk ya tsare su. Yaƙin da na yi wata biyu ina shiryawa ya ƙare a layi huɗu. Na dama kunun gyaɗa mai kyau na kai masa, ya shanye tas, ya suɗe cokali, sannan ya buɗe littafi ya rubuta, "Yau mai dabba ya yi ƙoƙarin ba likita cin hanci."

Kuma ba wasa yake yi da jinyar ba. Duk Asabar sai ya karanta mana rahoto: zafin jiki kaza, ya ci gawayi buhu biyu, kashinsa toka ne mai laushi, alamar sauƙi. Har wurin matar da ke sayar da gawayi ya je yana tambayar wane itace ne ba ya ɓata ciki. Matar ta zaci tsufa ne ya taɓa shi, ta aiko a gaya wa Mama, matarsa.

Gaskiya na yi fushi, fushi na ainihi. Na ce masa a gaban kowa ya kashe min abin da na fi so, na ɗauki jakata na tafi. Asabar shida ban je ba. A ta bakwai sai ga keke Napep a ƙofar shagona, Kawu ya sauko da littafinsa a hammata. Na zaci haƙuri ya zo ba ni.

"Dabba naka ya daina cin abinci," ya ce. "Mai shi ba ya zuwa dubiya."

Na rufe shago na bi shi.

Da ciwo ya kwantar da shi a daminar bana, layinsa ne, muka ce ba za mu tsallake shi ba, mu jira ya tashi. Bai tashi ba. Bayan mun dawo daga binne shi a gindin duwatsun Michika, Mama ta kira ni ɗaki ta miƙo min littafin. A shafin ƙarshe rubutun ya karkace, amma hatimin yana nan daram.

"Na sallami Garwashi. Tun satin farko na gane wutan ba ciwo ba ne, halinsa ne, kamar na mai shi. Amma in na sake shi, wa zai zo duk Asabar ya yi faɗa da ni? A ba shi gawayi kafin ya tashi, kada ya yi tafiya da yunwa."

Na zauna a bakin gadon Mama ina dariya ina kuka, ita ma haka.

Asabar da ta wuce na rubuta tashin. Na ɗauko takardata a gindin mangwaron, kujerar robar tana gefe ba kowa a kai, na fara karanta yadda ya buɗe fukafukansa. Sai Malam Hamman ya ɗaga hannu, idonsa ya yi ja.

"Tsaya tukuna, Saratu. Me ya ci?"

Na manta! Dole na koma na sa masa gawayi buhu biyu, sannan ya tashi, ya yi shawagi sau uku a kan garken kafin ya nufi duwatsu.

Kawu Tumba, Ubangiji ya ba ka hutawa, ya karɓe ka da jinƙai ba tare da ya nemi takarda ba. In kuma ka ga masu fukafukai a bakin ƙofa, don Allah Kawu, ka bar su su wuce.