Maikano Mai Hoto da Ciyawar da Ke Cin Ƙuda

Da an fito sallar asuba, Maikano mai hoto zai buɗe shagonsa a bayan tashar Konni, ya share, ya rataya shuɗin ƙyalle a bango. Kujerar da ake zama a kai ya kafe ta da ƙusa, kyamara kuma tana kan ƙafafunta uku, duk wanda ya gusar da ita sai ya sha faɗa. Rabin garin nan da fuskar da ya ɗauka suke yawo a katin ɗan ƙasa. Mutanen Bazaga ma sun shaida yakan bi tsofaffin da ba sa iya hawa amalanke har cikin ɗaka ya ɗauke su.

Amma sau ɗaya a shekara, da tsakar damina, sai ya rufe shago ya tafi ɗaukar hoton ciyayi. Ana yi masa dariya, wai ciyawa wane kati take nema? Shi kuwa in an wanko hotunan daga Sakkwato sai ya raba wa malaman lakwal, wato makarantar boko, don yara su san abin da ke tsirowa a ƙasarsu. Alhasan ɗan kabu-kabu ne ke kai shi.

Daminar 2006 suka nufi wata fadama gaba da Dogarawa. Masu bulo sun riga sun fara haƙarta, in aka ƙara damina babu ita. A nan ne kaɗai Maikano ya taɓa ganin wata 'yar ciyawa mai cin ƙwari, kuma bai taɓa samun hotonta mai kyau ba. A hanya suka tsaya kan wani furen daji mai saiwa kamar albasa, tsohon ya shafa shi, bai ɗauka ba. Alhasan ya ce a ransa yau dai tsufa ya motsa.

A bakin ruwa Maikano ya ce, "Duba mani inda ƙasa ka tsattsahowa. Ganyenta sirara na, da gashi ja."

Alhasan ya same ta, ko tsawon yatsa ba ta kai ba, kowane gashi da ɗigon ruwa mai yauƙi. Yana kallo wani ɗan ƙuda ya sauka, ya manne, ya yi ta fama, ganyen ya fara lanƙwasowa a kansa a hankali. Alhasan ya ja da baya yana salati.

"Baba, ga ta ta kama ƙuda. Ɗauka maza."

Maikano ya durƙusa, ya saita kyamara, amma bakinta yana kallon sawun saniya da ke gefe.

"Baba, ba nan take ba."

"To ina take? Kama hannuna ka kai."

Alhasan ya duba idon tsohon da kyau, sai ya gane idon ba ya gani. Shekarun nan yana goyon mutumin nan a bayansa, bai lura ba.

"Tun yaushe?"

"An jima. Haske nika gani da inuwa. Likita ya ce ba shi dawowa. A shago kujera ba ta gusawa, shi ya sa aiki bai ɓaci ba. Sa idonka ga kyamara, ka murɗa bakinta har gashin ya hito ɗai-ɗai, ka hwaɗa mani."

Alhasan ya sa ido, hawaye na hana shi gani, ya murɗa. Da ya ce "ya hito", Maikano ya danna.

Kai ne, Maikano, ka adana fuskokinmu ka kuma adana mana abin da muke takawa ba mu duba ba. Idonka ya tafi, ba ka tara mutane kana kuka ba, ka tafi ka cika aikinka. Mun ji kunya da muka sani, mun kuma gode, Allah Ya saka maka da alheri.

Bana ya bar aiki. Fadamar nan yanzu rami ce. Masu ido, ku riƙe sana'arku kamar yadda ya riƙe tasa, ku kuma leƙa shagon ku gaishe shi, yana nan zaune ƙarƙashin hoton ciyawar nan da aka rataya a bango. Duk wanda ya tsaya kallo, sai ya ɗago kai ya tambaye shi, "Ƙudan ya hito sosai?"