Monitan 'Yan Wutsiya

Duk shekara sai an kira mu bita a Kura. A tara mu a wani ɗaki mai zafi, wani matashi ya tsaya gabanmu yana koya mana yadda ake renon shugabannin gobe a cikin aji. Ni dai can baya nake samun wuri in jingina da bango in yi ta gyaɗa kai, rabi yarda rabi gyangyaɗi. Ba ƙarya yake faɗa ba, bawan Allah. Gajiya ce kawai irin ta wanda ya daɗe yana shaƙar alli, ya kuma san gobe da safe zai tarar da ajinsa yadda ya bar shi, yara sun fi bencuna yawa.

A ƙaramar sakandaren da nake koyarwa, shugabancin aji ba shi da dogon bayani. Malamin aji zai duba yaron da ya fi kowa sammako, mai gogaggen yunifom, ya ce kai ne monita. Sai a damƙa masa dastar goge allo. Shi zai sa a yi shara, shi zai hana surutu, in an tashi daga asambuli kuma ya tsaya a bakin ƙofa ya tare 'yan latti, ya sa su durƙusa a rana har malami ya iso. Haka na tarar, haka na yi ta yi.

Baƙo zai ɗauka lattin yaranmu lalaci ne. Mu da muke noman rani mun san ba haka ba ne. Kowane layin gonaki yana da ranar da ake sako masa ruwa daga babban kanal, bayan sallar asuba. Masu gonakin sama su ne ruwan ke fara iskewa, sai su jera buhunan ƙasa su tare hanyarsa har fangulan shukarsu su ƙoshi, sannan su janye ya wuce gaba. Na can ƙarshe, waɗanda muke kira 'yan wutsiya, sai dai su tsaya da fartanya a hannu suna kallon busasshiyar hanya. In kuwa ya iso, ba a barin sa. Ko biki ake a gidanku, sai ka buɗe fangali ɗaya bayan ɗaya ka gama, don in ya wuce ka sai wani makon, tumatir kuma ba ya haƙuri. Ina da 'yar gonar albasa a tsakiyar layi, na san zafin jira, na kuma san daɗin tarewa.

To kun ga inda abin yake. Monita kullum ɗan sama ne, don su ke gamawa da wuri, wasu ma iyayensu na da 'yan ƙwadago. Masu durƙuso kuma kullum 'yan wutsiya ne, da taɓo har gwiwa. Uba ya tare maka ruwa da safe, ɗansa ya tare maka ƙofa da hantsi. Abin yana ci mini rai, amma cin rai irin na malamin makaranta, wanda ke wucewa da zarar an buga ƙararrawar tashi.

A shekarar da nake ba da labarinta, monitana ɗan wani babban manomi ne daga can saman layi. Yaro mai tsabta, mai ladabi, ba shi da mugunta ko kaɗan. In ka ce ya durƙusar da mutum zai durƙusar da shi, in ka ce ya tashe shi zai tashe shi. Cikin waɗanda yake yawan durƙusarwa akwai wani dogon yaro da ya girmi 'yan ajin, maraya, wanda gonarsu ce ta ƙarshe a layin. Karatunsa tsaka-tsaki ne, rubutunsa kuwa sai ka yi alwala ka nutsu kafin ka karanta. Amma in faɗa ya kaure a filin ƙwallo, shi ake kira. Ba ya ɗaga murya. Zai saurari wannan, ya saurari wancan, ya ce kai ne ba ka kyauta ba, kuma maganar ta mutu a nan.

Bayan wata bita, ban san abin da ya shiga kaina ba, na ce bana ɗalibai ne za su zaɓi monita da kansu. Aka ɗaga hannuwa. Har 'yan matan da ba sa magana a aji suka ɗaga wa dogon yaron. Tsohon monita ya taso ya miƙa masa dasta, idanunsa sun yi ja, ya koma ya zauna.

Kafin a tashi labari ya kai ofis. Shugaban makarantar ya aiko a kira ni.

"Malam, wannan yaron da kullum yake cikin 'yan latti ka ba wa aji?"

"Ranka ya daɗe, ba ni na ba shi ba, yaran ne."

"Yaran ne." Ya cire gilashinsa ya murza ido. "To na ji. Amma shugaba ba ya latti. Ranar da na gan shi a durƙushe, ranar zai ajiye dastar nan. Ka gaya masa."

Na gaya masa. Ya ce, "To, Malam." Iyakar jawabin kama aikinsa ke nan.

Kwanaki kaɗan bayan haka na haɗu da baffansa, ƙanen mahaifinsa da ke riƙe da gidan, a bakin masallaci bayan la'asar. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Malam, an ce kun naɗa ɗanmu sarauta."

Na yi dariya na ce ai sarautar dasta ce.

"Ko ta mece ce." Bai yi dariya ba. "Ni da na riga na yi masa magana a injin shinkafa a Kura, suna neman masu shanya. Uwarsa ce ta hana ni sakat, wai an ga hankalinsa an ba shi shugabanci, a bar shi ya ƙarasa. To na bar shi. Amma saboda wannan ne kaɗai, Malam, gara in faɗa maka gaskiya."

Daga ranar na san dastar nan ba dasta ba ce kawai a hannun yaron. Ita ce ke riƙe da shi a makaranta.

Watannin sanyi suka zo mana da sauƙi. Ruwa na da yawa, ba wanda ke tsawaita tarewa, yaron kan gama ban ruwa ya sheƙo a guje ya tsaya a layin asambuli yana haki, ƙafar wandonsa a jiƙe. Aji kuma ya canja a hannunsa. Abu na farko da ya yi shi ne ya zo ya same ni a ƙarƙashin darbejiya, ya ce, "Malam, bencin gaba fa? Kullum mutane ɗaya ne a kai. Na baya ba sa ganin allo." Na ce to me yake so a yi. Ya ce a riƙa zagayawa mako-mako kamar ban ruwa, sai dai a nan na baya ne za su fara. Na ce ya je ya gwada, in sun cinye shi ba ruwana.

Ba su cinye shi ba. An yi gunaguni, an ja tsaki, aka kwashi jakunkuna aka koma. Tsohon monita, wanda tun shigowarsa makarantar bai taɓa zama a baya ba, ya tsinci kansa a benci na ƙarshe, kafaɗa da kafaɗa da wanda ya karɓe masa muƙami, don shi ya bar kansa a baya. Da farko ko kallon juna ba sa yi. Daga baya na fara hango kawunansu a haɗe kan littafi guda, ɗaya na nuna wa ɗaya lissafi da bakin biro. Ban tanka ba, don na lura da zarar malami ya yaba abu a fili, abin ya kama hanyar lalacewa. Amma na ji daɗi, daɗin da na daɗe ban ji ba a aikin nan.

Sai zafi ya shigo. Ruwan kanal ya ja baya, tumatir na tsakiyar 'ya'ya, kowa ya ƙara yawan buhunan da yake jerawa ya kuma ƙara daɗewa bai janye ba. Ni kaina a tsakiyar layi sai da na fara yi wa na sama da ni tsawa.

Ranar ruwan layin su dogon yaron, aka yi asambuli babu shi. Aka shiga aji babu shi. Na fara darasi ina juyawa ina kallon ƙofa kamar mai jiran baƙo. Darasin farko ya ƙare, na biyu ya yi nisa, sai ga shugaban makaranta yana zagaye da hannuwa a baya. Daidai lokacin yaron ya ɓullo ta bayan ajujuwa, taɓo har cinya, gumi ya jiƙa masa riga. Suka haɗa ido.

Ina ta addu'a a raina ya yi magana, ya ce ruwa ne, ya ce an riƙe musu, ya ce wani abu. Bai ce ba. Ya je inda sauran 'yan latti suke a rana ya durƙusa a gefensu.

Na fita na ce, "Ranka ya daɗe, yau ranar ruwansu ce. Su ne na ƙarshe."

"Malam, ni ma ɗan manomi ne, ba sai ka gaya mini ba." Muryarsa ma a gajiye take. "In na ɗaga masa yau, gobe rabin makarantar nan za su zo mini da taɓo a ƙafa, wasu a bakin rijiya za su shafa. Na faɗa tun farko, a gabanka."

Ya leƙa aji ya tambayi wanda ke riƙe da muƙamin a da. Tsohon monita ya miƙe a hankali. Aka ce ya ɗauki dasta a kan tebur. Ya ɗauka kansa a sunkuye.

Dogon yaron ya ƙara zuwa na 'yan kwanaki, yana zama a wurinsa. Daga nan wurin ya zama babu kowa. Na je gidansu da yamma na yi sallama da baffan, na yi ta magana har bakina ya bushe. Ya saurare ni da mutunci, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya ce, "Malam, ai ku da kanku kuka ce bai iya ba. Ya riga ya fara zuwa Kura." Na koma gida. Ban gaya wa 'yan ajin ba, na rasa ta inda zan fara, su kuma suka ɗauka fushi ne ko kunya, zai huce ya dawo.

Da ranar ruwan layin ta zagayo, aka tashi daga asambuli babu mai tsaron ƙofa. Monita bai zo ba, yaron da ban taɓa riga shi shigowa makaranta ba. 'Yan latti suka yi ta sulalewa cikin aji suna murna, ni kuma ban da ƙarfin hana su.

Rana ta ɗaga sosai sannan ya iso. Da ƙyar na gane shi. Farin wandon nan ya koma ruwan ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, kuncinsa na hagu a kumbure da shatin yatsu. Ya durƙusa a bakin ƙofa ba tare da kowa ya ce masa ba. Na ajiye alli na fita.

"Kai, me ya same ka?"

"Malam, buhunan Baba na janye."

"Ka janye? Ya gama ban ruwan ne?"

"Bai gama ba. Ranar da aka sauke monitanmu ma mu muka riƙe musu ruwa, Malam. Ina wurin da safe, na ga lokacin da Baba ya ce a ƙara buhu. Shi ya sa yau da ya juya na janye, na bi ruwan da ƙafa har gonarsu don kada wani ya sake tarewa. Ruwan ya isa da wuri, wallahi. A hanyar dawowa ne Baba ya kama ni."

Yana maganar yana miƙa wuya ta gefena, yana leƙen cikin aji.

"Baffansa na tarar a gonar, sai na ce to shi ya riga ni tahowa. Ya zo, Malam?"

Na ce bai zo ba. Na gaya masa inda yake, da kuma cewa ba fushi ba ne, baffansa ne ya cire shi daga makaranta.

Ya kalli takalmin da ke hannunsa. Marin bai sa shi kuka ba, amma yanzu hawaye suka zubo suna bin kumburin.

"To Malam, ni yanzu yaya zan yi?"

Na tsaya a kansa, da furfurata da duk shekarun da na kwashe a gaban allo. Na ce ya tashi ya shiga aji. Abin da na sani ke nan.