Ruwan Rijiyar Babana

Ko shekara nawa zan yi a duniya ba zan manta da ranar da na ɗebi ruwan rijiyar gidanmu a gora na kai makaranta ba. Lokacin ina aji huɗu a sashen injiniyan sinadarai, shekarar da aka ƙara mana fannin muhalli, aka kuma kawo mana sababbin na'urorin gwajin ruwa. Maiduguri kuwa tana cikin halin da kowa ya sani. An hana babur, an katse layukan waya, kafin ka isa jami'a daga Limanti sai ka sauka daga keke napep sau uku ka wuce shingen sojoji da ƙafa.

Na'urorin sun daɗe a akwatunansu, don injiniyan da zai zo ya haɗa su ya ce shi kam ba zai taka Borno ba. Da abin ya ishi ma'aikacin ɗakin gwajinmu, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, sai ya ɓalle akwatunan. Shi da malamarmu suka zauna da littafin bayani suka haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da fitilar farko ta kama, tafi muka yi ta yi kamar 'yan firamare. Malama ta ce kowa ya kawo ruwan da ake sha a gidansu.

Da alfahari na kawo nawa. Babana ne ya haƙa rijiyar, sadaka ga mahaifiyarsa da ta rasu, kuma tun da mutanen ƙauyuka suka gudo cikin gari, duk layinmu nan ake ɗiba. Gidanmu ma cike yake da 'yan'uwa daga wajen Khaddamari. Ruwan garau yake, ga sanyi.

Bayan kwana biyu muka duba sakamako. Ruwan wasu ya fito da ɗan abin da ba a rasa ba. Nawa kuwa cike yake da ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida. Nan take na tuna sabon masai da aka haƙa saboda baƙi, taku kaɗan daga rijiyar. Na kuma tuna gudawar da yaran gidan ke ta fama da ita, muna cewa canjin wuri ne.

"Malama, ko dai na'urar ce ba a haɗa daidai ba?" in ji ni.

Dattijon ya kalle ni ta saman tabarau. Har yau ina jin kunyar wannan tambayar. Malama ta ce a sake. Sau uku muna sakewa, sakamako ɗaya.

Ranar da sakamako na ƙarshe ya fito, da la'asar na sami Baba a zaure, na durƙusa, na faɗa masa gatsau kamar ina amsa tambayar jarrabawa: "Baba, ruwan rijiyarka ne ke sa wa yara ciwo."

Ya ajiye carbinsa. "Ruwan da kika sha kika girma? Na tura ki karatu ne don ki dawo ki ce sadakar uwata cuta ce?"

Kwana biyu bai amsa gaisuwata da kyau ba, ni kuma ina kallon mata suna ta ɗibar ruwan. Na kasa cin abinci. Da na gaya wa Malama sai ta ce in bari zuwa Asabar.

Ranar Asabar da hantsi sai ga su a kekuna biyu, ita da dattijon da 'yan ajinmu, da duro, da buhunan yashi da tsakuwa da gawayi. Sun yi gumi sharkaf, don a kowane shinge sai an sa sun sauke kayan an zazzage. Malama ta durƙusa ta gaida Baba da Barbarci, ta yi wa mahaifiyarsa addu'a, sannan ta ce, "Baba, rijiyarka ba ta da laifi. Masan nan ne ya matso kusa da ita. Mun zo ne mu taya ka kare sadakarka."

Sai Baba ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya ce a miƙo masa shebur. Da hannunsa ya fara cike masan, mazan gida suka kama, aka haƙa wani a can ƙarshen fili. Mu kuma muka zuba wa rijiyar magani, muka jera tsakuwa da yashi da gawayi a duro don tace ruwa. Innata ta yi mana burabisko, muka ci a faranti ɗaya muna dariya, muna duba agogo kada dokar hana fita ta riske su a hanya. Kafin wata ya ƙare gudawar yaran ta tsaya.

Yanzu sashen ya samu sabon gini da na'urorin da suka fi waɗancan. Dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa, 'yan ajinmu kuma kowa ya kama gabansa. Amma ban ƙara jin daɗin karatu kamar a wannan Asabar ɗin ba. Abin da na faɗa wa Baba shi Malama ta faɗa, sai dai ita ta bar masa mutuncinsa. Tun daga nan na koyi cewa gano gaskiya a ɗakin gwaji shi ne mai sauƙi. Aikin yana wajen faɗar ta yadda mai ita zai iya karɓa.