Sojojin da Suka Tsaya a Bakin Daji

Ko me zan manta a zaman da na yi a unguwar Mando ta Kaduna, ban da yammacin da aka zaunar da ni a ƙofar gidan mai unguwa ana tuhumata da kai wa 'yan bindiga rahoto.

A lokacin ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, ɓangaren da ake duba naman da likitoci suka yanko daga jikin majiyyaci. An sa mu cikin wani bincike mai sabuwar dabara. A da, in ana son sanin abin da ke cikin ƙari, sau da yawa markaɗa shi ake yi kamar kayan miya: za ka san da tattasai da albasa a ciki, amma ba ka san wa ke kusa da wa ba. A sabuwar dabarar kuwa, sai a yanko naman siriri ƙwarai, a shimfiɗa a gilashi, a rina kowace irin ƙwayar halitta da nata launin, a ɗauki hoto kowa na zaune a mazauninsa. Mu ke yankawa mu aika wani babban ɗakin bincike, su kuma su turo mana hoton a kwamfuta. In ka gan shi sai ka rantse taswirar gari ce aka ɗauko daga sama.

Cikin naman da muka aika har da na kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami a Zamfara. An cire masa ƙari a hanji, gwaji ya nuna ciwon daji ne. Da yardarsa aka sa shi a binciken, amma ya sa na yi masa alkawari ko matarsa ba za ta ji sunan ciwon ba. A gida ce musu ya yi gyambon ciki ne.

Kullum bayan la'asar sai ya kira ni. Ɗakin da nake haya waya ba ta kamawa sosai, don haka a tsakar gida nake zama da kwamfutata. Ni kuma Allah ya yi ni da ɗaga murya in ina bayani. Na riga na gaya masa jajayen ɗigo su ne ciwon, korayen kuma ƙwayoyin garkuwa ne, waɗanda muke kira sojojin jiki. Daga nan muka daina faɗin “ciwo” da “jiki”, don mun san abin da muke nufi.

“Kawu, na ga taswirar,” haka nake cewa. “Sojojin suna da yawa, amma duk a bakin dajin suka tsaya. Tsakiya babu ko ɗaya. Ta gefen hagu ma sun yi ƙaranci sosai.”

Ban taɓa sauraron kaina da kunnen wani ba. Alhali lokacin kowa a tsorace yake, ana ta ɗauke mutane a gefen gari, ga mu kuma dab da barikin sojan sama.

Sai na fara ganin canji. In na isa wurin mai shayi hira ta mutu. Mai gidanmu, dattijon da muke kira Baba, ya koma amsa gaisuwata a taƙaice yana kallon gefe. Wata rana na dawo aiki na tarar an ɗage labulen tagata. Ni ma sai zargi ya cika ni. Na ɗauka wani ne ya baza cewa ina taɓa naman mutane, kuma na ɗora abin a kan maƙwabcin ɗakina, wani direba da ke lodi zuwa garin su Kawu. Yana leƙena ina leƙensa, kowa ya zama ɗan sandan kowa.

Ranar da abin ya fashe, 'yan sintiri ne suka tare ni a bakin layi, suka ce in ɗauko kwamfutar, mai unguwa na kira. Na tarar da jama'a cike, matasa da gorori a bayan dattawa. Baba ya miƙe ya maimaita maganganuna ɗaya bayan ɗaya, bai ƙara ba bai rage ba. Wallahi da na ji su daga bakinsa, ni kaina sai da na tsorata da kaina.

Aka ce in buɗe hoton. Wani ya dangwala yatsa a kan jijiyar jini ya ce, “Ga shi nan! Ga titin bariki!”

“Ranka ya daɗe, wannan naman mutum ne,” na ce wa mai unguwa. “Dajin da nake faɗa ciwon daji ne.”

“To, naman waye?” ya tambaya. “Faɗi sunansa mu bincika.”

Na ɗaga kai muka haɗa ido da direban nan. Ya san Kawu, ya san gidansa. In na buɗe baki, kafin gobe labari ya isa. Sai na ƙi faɗar sunan, ƙin faɗar kuwa ya fi kowace magana muni. Na ji ana matsowa ta bayana.

Ana haka wayata ta yi ƙara. Shugaban 'yan sintiri ya fizge ta, ya ga sunan Kawu, ya amsa, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

“Yaro,” in ji Kawu, “yaya sojojin ga? Sun shiga, ko suna nan waje?”

Wuri ya kaure. Wani ya shaƙe wuyan rigata, gora ta sauka a kafaɗata. Ban san lokacin da na yi ihu ba: “Kawu, kashe ni za a yi! Cewa suke ni infoma ne!”

Mai unguwa ya daka tsawa aka lafa. Can sai muryar Kawu ta fito, a hankali, irin ta wanda ya gaji.

“Bayin Allah, ku sake mani yaro. Dajin da kuka jiya, ga cikina shike. Ciwon daji gare ni. Ni nih hana shi faɗi.”

Ya faɗi sunansa da na garinsa da asibitin da aka yi masa aiki. Direban ya dafe kai ya ce, “Innalillahi! Na san muryar nan. Ni na kawo shi Kaduna a motata.”

Hannun da ke wuyana ya saki. Matasan suka riƙa sulalewa ɗaya-ɗaya. Baba ya zauna a ƙasa yana ta istigfari, ya kasa kallona. Ban ji daɗin kuɓutar ba. Kuka na yi, don na san abin da Kawu ya sayar ya fanshe ni.

Kafin ya sanar da iyalinsa da kansa, labari ya riga ya shiga gida. Matarsa ta ji a bakin mutane, abin da ya fi gudu ke nan. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, amma bai sake tambayata labarin taswira ba har Allah ya karɓi abinsa kafin damina ta zagayo.

Ban riƙe Baba a zuciya ba. Bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba, abin da ya ji ya faɗa. A nan na koyi cewa ana iya hallaka mutum da zallar gaskiya in an tsinko ta daga inda take. Shi ya sa yanzu duk wanda ya zo mini da “da kunnena na ji”, nakan tambaye shi da wa ake maganar, kuma a kan me. In bai sani ba, sai in ce ya bari sai ya sani, don akwai wanda zai biya, kuma sau da yawa ba shi da ko laifi.