Keken Baba a Rumfar Mai Faci

Jama'a, yau mai faci ya sa ni kuka a kasuwar Mafara!

Keken marigayi Baba na kai a duba mani taya. Mai facin dattijo ne, yana duƙe yana aiki. Yana jin ƙararrawar keken, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Malam! Sai yau? Ga goronka nan na aje."

Na ce, "Baba, ɗansa ne. Malam ya rasu tun da azumi."

Wallahi sifana ta faɗi daga hannunsa! Ya yi salati. Ashe babu wanda ya gaya masa.

Ya latsa tayar ya ce, "Lafiyarta lau. Shi ma haka yake kawo ta duk Talata. Tun da mahaifiyarku ta rasu, sai in sace iskar in sake bugawa, don mu samu hira."

Ni ina gida ɗaya da Baba, ban taɓa sani ba!

Na juya zan tafi, sai na ji fiiii! Ya sace iskar. Ya nuna mani benci.

"Zamna, ɗana. Ni ma ba ni da kowa."